Allon da Na Ɗauka Kwali Ne: Ƙorafi Kan Dakatar da Baba Sannu

Daga:
Mai Katin Garanti Lamba 4471,
Gida na 12, Hawa na Biyu,
Rukunin Gidajen Tsofaffin Ma'aikata.

Talata, 18 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga:
Babban Manaja,
Sashen Gyare-gyare da Kula da Abokan Ciniki.

Ta hannun:
Sakataren Kwamitin Ladabtar da Ma'aikata.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: ƘIN KARƁAR JANYE ƘORAFINA NA 6 GA OKTOBA, DA CI GABA DA DAKATAR DA MAI GYARA MAI LAMBA 07 BISA LAIFIN DA BA NASA BA

Bayan gaisuwa da girmamawar da ta dace da ofishinka, ina neman izinin gabatar da ƙorafi karo na biyu cikin mako shida. Na san ba kasafai mutum ke kai ƙarar takardar da ya rubuta da hannunsa ba. Wannan ita ce ta huɗu da na fara. Ukun farko na yayyaga su, domin a kowacce na kama kaina ina lallaɓa magana don in rage wa kaina nauyi. Ina roƙon a karanta wannan kafin ranar Laraba, 26 ga wata, ranar da kwamiti zai zauna ya yanke ko za a sallami ma'aikacinku mai lamba 07, wanda kowa a ofishinku ke kira Baba Sannu. An shaida mini shekara ashirin da biyu ya yi yana muku aiki, kuma idan aka sallame shi bisa sakaci, ba zai tafi da komai ba sai jakar kayan aikinsa.

TUSHEN MAGANA

Na'urar da ake magana a kanta ita ce ta ɗumama abinci, wadda aka fi sani da maikirowef, irin wadda ake kafewa a bango saman murhun gas, mai fanka a ƙarƙashinta da ke zuƙe hayaƙin girki. Yayata ce ta saya wa mahaifiyarmu daga shagonku shekara uku da wata takwas da suka wuce, watan da ta fara aiki. Ni kuwa na gama digiri a fannin Fiziks shekara biyu da suka wuce, kuma har yau ina zaune a gida ina jiran amsar takardun neman aiki. A gidanmu Farfesa ake kirana. Yaya ce ta laƙaba mini don tsokana, Umma kuma ta ɗauka da gaske. Na ambaci wannan ne ba don neman tausayi ba, sai don shi ne asalin ɓarnar.

Ranar Talata, 2 ga Satumba, na'urar ta ɗauke gaba ɗaya, ba fitila, ba ƙara. Na duba soket, na duba akwatin wutar gidan, na kwashe mako guda ina kallon bidiyon masu gyara a waya, ban gano komai ba. Ranar 9 ga wata kuka turo Baba Sannu. Dattijo ne mai furfura, mai ɗaure 'yar tocila a goshi, wanda ke jera kusoshin da ya kwance a kan hankici bisa tsarin da ya ciro su. Bai fara taɓa na'urar ba. Sai da ya roƙi Umma ta buɗe ƙofar yadda ta saba, ya tsaya yana kallo. Umma gajera ce, na'urar kuma tana sama, don haka takan yi ɗage ta kama mariƙin ta ja shi ƙasa da nauyinta. Nan take ya ce ya ga ciwon: ƙofar ta ɗan sauka, ɗaya daga cikin makunnan nan uku da ke bayan maƙullinta ya mutu, shi ne ya ƙone fis, wato 'yar wayar da ke katse wuta idan ta yi yawa. Ya canza makunnin da fis ɗin, ya daidaita ƙofar, ya zare rariyoyin maiƙo biyu na ƙarƙashi ya wanke su da ruwan zafi da sabulu. Ya ce wa Umma maganin da ya rage ba ya cikin jakarsa, 'yar kujerar takawa ce, sai dai idan tana da niyyar ƙara tsawo a wannan shekarun. Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya kuma ce irin wannan na'ura takan kai shekara tara zuwa goma idan ana wanke rariya duk wata, saboda haka tamu ko rabin tafiya ba ta yi ba.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda ban rubuta a takardata ta farko ba. Yana haɗa kayansa, sai ya nuna wani ɗan allo mai ruwan toka da ke manne a bangon dama na cikin na'urar, girmansa kamar tafin hannu, ya buɗe baki zai yi bayani. Umma ta riga shi, cikin alfahari irin na uwa, ta ce ai ɗan nan nata abin da ya karanta ke nan a jami'a, ba abin da bai sani ba. Baba Sannu ya juyo gare ni cikin ladabi ya tambaya ko na san aikin allon. Ranka ya daɗe, ko kallon inda yatsansa ke nunawa ban yi ba. Raina a ɓace yake, domin cikin minti arba'in ya gano abin da ya gagare ni mako guda, a gaban mahaifiyata. Na ce na sani. Ya ce to madalla, an hutar da shi, ya rufe jakarsa.

Ranar Asabar, 20 ga Satumba, Yaya za ta zo washegari, sai na ƙudurta in wanke na'urar ciki da waje don ta ga ana kula da kayanta. Na ga wannan allo ya sha mai, ya yi duhu, gefensa ya ɗan taso. Na yanke a raina cewa ragowar kwalin da aka naɗo na'urar da shi ne, masu kafawa suka manta ba su cire ba. Har na yi tsaki kan sakacin ma'aikata. Na sa wuƙar tebur na ɓalle maƙalinsa na roba, na ciro shi, na ajiye a bakin taga, na manta da shi.

Bayan kwana biyar na'urar ta fara ƙara kamar ana zuba gishiri a wuta. Ranar Alhamis, 2 ga Oktoba, Umma na ɗumama shinkafa, sai tartsatsi ya tashi a ciki, ɗakin girki ya cika da ƙaurin ƙonannen ƙarfe. Ba wanda ya ji ciwo, amma Umma ta zame daga kan kujerar takawar da muka samo bisa shawararsa don firgita, ta yi kwana uku tana ɗingishi. Ranar Litinin, 6 ga Oktoba, na rubuto muku shafi uku. Na ce mai gyaranku ya sa mana kayan jabu. Na ce ina magana ne a matsayin wanda ya yi digiri a Fiziks, wanda kuma ya rubuta kundin kammala karatunsa kan irin makamashin da na'urar ke dafa abinci da shi. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi ci mini rai. Kuka ɗauke na'urar don bincike, ranar 16 ga wata kuka dakatar da shi. Ranar 23 kuka kafa mana sabuwar na'ura, tare da takardar ban haƙuri da har yanzu Umma ke adane da ita.

YADDA NA GANO

Ranar Laraba, 5 ga Nuwamba, da hantsi, ina shan shayi, Umma ta sauke tukunyar ruwan zafi daga wuta ta ɗora a kan wani abu a tebur. Ta ce in zo in ga abin mamaki, kwalin nan da na yar a taga wata ɗaya da rabi tana ɗora masa zafi, ko ƙyas bai yi ba, ta so a ce ta sami irinsa guda shida. Umma ba ta yar da komai. Na ɗauki abin na juya shi. Ba kwali ba ne. Yana da ɗan ƙyalli, yana ɓarewa falle-falle a gefe. Na taka kujera na buɗe sabuwar na'urar, sai ga ɗan'uwansa a bangon dama, sabo ful, da maƙalin roba iri ɗaya. Na tsaya a kan kujerar har shayina ya huce.

Abin da na karanta daga baya, wanda kuma ya kamata in sani tun ina aji biyu a jami'a, shi ne: allon na wani ma'adini ne da ake kira maika, wanda wuta ba ta ci. Shi ke rufe bakin hanyar da makamashin ke fitowa, don kada tururi da feshin mai su shiga. Idan babu shi, maiƙo na taruwa a hanyar, ya ƙone, ya yi tartsatsi, har ya kashe bututun da ke samar da makamashin. Na'urar da ke saman murhu kuwa ta fi kowace shan maiƙo. Fis da makunnin da Baba Sannu ya sa ba su da hannu a ciki ko kaɗan. Hannuna ne da wuƙar tebur.

Ba zan ɓoye ba, kwana biyu na yi ina gaya wa kaina cewa magana ta riga ta wuce, kamfani babba ne, ba zai ji asarar na'ura ɗaya ba, kuma wataƙila an riga an mayar da dattijon bakin aiki. Na mayar da allon ƙarƙashin tukunya da hannuna. Duk lokacin da aka ɗora masa zafi sai in ji kamar a ƙirjina aka ɗora.

ABUBUWAN DA NAKE ƘORAFI A KANSU

1. Ƙin karɓar janyewata. Ranar Juma'a, 7 ga Nuwamba, na je ofishinku na shaida wa ma'aikaciyar teburin karɓar baƙi cewa ina so in janye ƙorafina. Ta duba kwamfuta ta ce an rufe fayil ɗin, an rubuta a kansa cewa an warware kuma abokin ciniki ya gamsu. Na ce ban gamsu ba. Ta tambaya ko sabuwar na'urar ce ta lalace, na ce lafiyarta lau. Ta ce to ita a gabanta akwai fom na kawo ƙorafi, akwai na ɗaukaka ƙorafi, amma babu na wanda ya zo ya ce shi ne mai laifi, kuma shekararta shida a teburin ba ta taɓa ganin irina ba. Na koma ranar Talata, 11 ga wata, da bayani a rubuce. Aka ce shugaban sashe yana taro, aka kuma ƙi buga wa takardar hatimin karɓa, wai ba ta da lambar fayil mai rai. Ba na zargin ma'aikaciyar, ta yi mini magana cikin mutunci, har ta ba ni shawarar in je in more na'urata. Amma ina ƙorafi kan tsarin da ya karɓi zargina cikin kwana goma, ya kuma rasa ƙofar da gaskiya za ta shiga.

2. Raunin binciken da aka yi. A ranar ce ma'aikaciyar ta karanta mini abin da masu bincikenku suka rubuta: sun sami fis da makunni na ainihi ne, ba jabu ba, amma sun tarar babu allon maika, sai suka yanke cewa mai gyara ne ya cire shi ya manta bai mayar ba. Wato zargin da na yi ya faɗi, aka nemo masa wani. Tsakanin gyaran da tashin wutar akwai kwana ashirin da uku, na'urar kuma tana gidanmu, ba a hannunsa ba. Babu wanda ya kira ni ya tambaye ni ko na taɓa cikinta. Tambaya ɗaya ce, kuma ina fatan da na amsa ta da gaskiya, ko da yake yanzu ba na rantsuwa a kan kaina. A gefen rahoton wani ya rubuta da biro cewa mai ƙorafi masani ne a fannin. Ranka ya daɗe, an auna takardar shaidata da shekara ashirin da biyu na hannun wani, aka ce tawa ta fi nauyi. Ba ta fi ba.

3. Rashin gargaɗi a kan allon, da rashinsa a shagonku. Littafin da ke zuwa da na'urar shafi arba'in da huɗu ne. Maganar allon layi ɗaya ce a shafi na talatin da ɗaya, da ƙananan haruffa, ƙarƙashin bayanin yadda ake goge gilashin ƙofa. A jikin allon babu rubutu, babu alama. Na tambaya a kantin kayan gyaranku ko ana sayar da shi, aka ce ba a kawo shi, don abu ne ƙarami, ba ya da kasuwa. To mutumin da nasa ya sha mai ya lalace, me ake so ya yi? Ba na kawo wannan don in wanke kaina. An tashi gaya mini baki da baki, ni na toshe bakin mai gaya mini. Na kawo shi ne saboda gidajen da ba su taɓa ganin Baba Sannu ba.

4. Hukuncin da aka yanke wa tsohuwar na'urar. An rubuta a kanta cewa ta gama rayuwarta, an jefa ta cikin kayan da za a kai wa masu narka ƙarfe a ƙarshen wannan wata. Na'urar da ba ta cika shekara huɗu ba. Fankarta, fitilarta, allon lambobinta da ƙofar da aka daidaita duk lafiya suke, bututu ɗaya da allo ɗaya take buƙata. Bayan haka ita ce shaida: a bangonta na dama, kusa da ramin maƙalin, akwai ƙarce biyu na bakin wuƙar tebur. Babu mai gyaran da zai sa wuƙa a wurin. Idan aka narka ta kafin 26 ga wata, an narka abin da zai wanke shi.

5. Ƙorafi na ƙarshe a kaina yake, kuma ina so ya shiga fayil. Ranar Alhamis, 13 ga Nuwamba, na nemi Baba Sannu. Mai gadin ƙofarku ne ya kwatanta mini inda yake. Na same shi a bakin titi, a rumfar wani mai sayar da kwan fitila, an ara masa rabin tebur yana gyaran dutsen guga da tukwanen lantarki, da hankicinsa a shimfiɗe, kusoshi a jere. Na wuce shi sau biyu kafin na iya tsayawa. Shi ya fara gane ni. Ya kira ni Farfesa, ba da izgili ba, yadda ya ji Umma na kirana. Ya tambayi ƙafar Umma, wadda ya ji labarinta a ƙorafina, ya tambaya ko an wanke rariya wannan watan. Na ciro allon daga aljihu na ajiye a gabansa, na faɗa masa komai, kaina a ƙasa. Ya ɗaga shi ya duba da tocilarsa, ya ga zagayen gindin tukunya a jiki, ya yi murmushi ya ce aƙalla allon ya sami aikin yi, ba kamar wasunmu ba. Sannan ya ce kowace shekara sai ya tarar da gida biyu ko uku da aka ɓalle shi, shi ya sa ba ya barin gida sai ya yi gargaɗi, gidanmu kaɗai ya tsallake. Ya ce tun ranar da aka kira shi gaban masu bincike ya zargi abin da ya faru. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa wa masu bincike. Ya ce ya faɗa musu ya bar allon manne a cikin na'urar, amma bai ga dalilin da zai kunyata ɗa a idon uwar da ke tinƙaho da shi ba, kan abin da bai gani da idonsa ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya ya roƙa: kada a bari a narka na'urar, don a cewarsa yarinya ce.

ABIN DA NAKE ROƘO

Bisa ga abin da ya gabata, ina roƙon ofishinka cikin ƙanƙan da kai:

(a) a karɓi wannan takarda a matsayin janye ƙorafina na 6 ga Oktoba gaba ɗayansa, a kuma maƙala ta a gaban wancan, don duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya fara cin karo da ita;

(b) a mayar da ma'aikaci mai lamba 07 bakin aikinsa da dukkan haƙƙoƙinsa, a goge kalmar sakaci daga takardunsa, a kuma sanar da abokan aikinsa a wurin da aka sanar da su dakatarwar;

(c) a dakatar da narka tsohuwar na'urar, a nuna wa kwamiti ƙarcen wuƙar, sannan a ba Baba Sannu ya gyara ta bisa nauyina;

(d) a ba ni dama in bayyana gaban kwamiti ranar 26 ga wata in maimaita wannan da bakina;

(e) a riƙa manna gargaɗi a kusa da allon, a kuma riƙa ajiye shi a kantin kayan gyara.

Ina kuma sanar da kai abin da na riga na yi. Ranar Lahadi na zaunar da Umma da Yaya na faɗa musu. Yaya ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, ta dubi fuskata, ta fasa. Umma ta ce ashe har da bakinta a ciki, ta kuma ce in sauke kayan mutane. Jiya Litinin, 17 ga wata, ni da maƙwabcinmu kafinta muka kwance sabuwar na'urar daga bango, muka naɗe ta a bargo, na kai ta sitonku da ƙarfe sha ɗaya na safe. Mai sito ya yi gardama, daga baya ya karɓa ya ba ni 'yar takardar shaida, kwafinta na haɗe. Yanzu a saman murhunmu babu komai sai farantin ƙarfen da ake rataye ta da ramukan kusoshi. Umma ta koma ɗumama abinci a tukunya. Kujerar takawa tana nan a ƙasan wurin, ta hana a ɗauke.

A cikin wannan ambulan akwai allon maikar da kansa. Zagayen da ke jikinsa na tukunyar Umma ne. Ɓallin da ke kusurwarsa na hagu nawa ne.

Ina neman afuwar ofishinka kan lokacin da na ɓata masa, da afuwar mutumin da na ɓata wa suna, wadda ya riga ya ba ni tun kafin in cancanta. Allah ya ƙara wa Manaja lafiya da basira wajen yin adalci.

Naka cikin ladabi da biyayya,

Sa hannu: ______________________
Mai Katin Garanti Lamba 4471,
wanda ya rubuta ƙorafin 6 ga Oktoba.

Abubuwan da aka haɗo:
1. Allon maika guda ɗaya.
2. Kwafin takardar shaidar mayar da sabuwar na'ura.
3. Kwafin ƙorafina na farko. Na ja layi a ƙarƙashin inda na ambaci digirina.